MGB mai tsatsa da ta daɗe a ajiye: in saya in gyara, ko in haƙura?

Sabon Hannu

Assalamu alaikum masana. Ina neman shawara kan wata motar Ingila, MGB ƙirar 1971, mai buɗaɗɗen sama, da aka sa a kasuwa. Ta daɗe a ajiye ba a tayar da ita, amma mai ita ya ce injin na juyawa da hannu. Abin da ido ke gani: fenti ya yi ƙuraje a ƙasan madigadin gaba da ƙarƙashin ƙofofin biyu, akwai rami faɗin tafin hannu a daɓen gefen direba, kuma ƙofa ɗaya sai an ɗan ɗaga ta kafin ta rufu. Kujeru, gilasai, bamba da fitilu duk suna nan. Kwance inji da birki ba zai gagare ni ba, amma ban iya walda ba. Me zan duba kafin in biya, kuma wace irin ɓarna ce in na gani sai in juya?

Mai Walda

Wa alaikumus salam. Malam, cikin duk abin da ka lissafa, ƙofar nan ce abin dubawa, ba ramin daɓe ba. Daɓe falle ne shimfiɗaɗɗe, ana sayar da sabonsa, sauya shi ba wuya. Ita kuwa ƙofa da ta sauka tana iya nufin motar ta fara lanƙwashewa a tsakiya.

MGB ba ta da casis daban da aka ɗora bodi a kai, bodin ne ke ɗauke da komai. Tunda kuma babu rufin ƙarfe, abin da ke riƙe gaba da baya shi ne dokin ƙofa na dama da na hagu, wato dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin kowace ƙofa, sai tudun tsakiya da giyabos ke ƙarƙashinsa. Dokin ƙofar ba falle ɗaya ba ne. Akwai na waje da kake gani, akwai wani a tsaye a ɓoye a tsakiya, akwai na ƙasa mai lanƙwasa da ke haɗe da daɓe, sai na ciki da kafet ke rufewa. Laka da ruwa kan taru a bayan tayar gaba, ramukan tsiyayar ruwa su toshe, tsatsa ta fara ci daga ciki. Kafin ta ɓullo a fenti ta riga ta cinye fallen tsakiya. Saboda haka ƙurajen da ka gani ba farkon ciwon ba ne, ya yi nisa.

Fara raba matsalar ƙofar gida biyu. Buɗe ta rabi, ka kama ƙarshenta ka ɗaga. In wasan a hinji yake, ƙusar hinji ce ta cinye, ƙaramin aiki ne. In ginshiƙin da hinjin ke ɗaure a jikinsa ne ke motsi, gindinsa ya ruɓe. Sannan ka rufe ta ka duba tazarar da ke tsakaninta da madigadin baya. Ya kamata ta zo daidai daga sama har ƙasa. In ta matse a sama ta buɗe a ƙasa, tsakiyar motar ta sauka. Da izinin mai motar, sa jak a mazauninsa ka ɗaga a hankali kana kallon tazarar. In ta sauya, ko ka ji ƙarfe na murƙushewa, sauke ta, ka sami amsarka. Kada ka shiga ƙarƙashi tana kan jak kaɗai.

Ka je da tocila, sukudireba, da ƙaramin maganaɗisu naɗe da ƙyalle don kada ya karce fenti. Inda maganaɗisu ya ƙi kamawa, foti aka cika. (Ban da bonet ɗin MGB na farko-farko, shi da alminiyam aka yi shi.) Kwanta ka bi leɓen ƙasan dokin ƙofa da ido. Na asali yana da alamun waldar ɗigo a jere da ramukan ruwa. In ka ga sumul, ko an shafe shi da baƙin kwalta mai kauri, mai yiwuwa sabon falle aka rufa a kan ruɓaɓɓe don a sayar. Wannan ya fi tsatsar da ke fili muni, domin sai ka cire aikin wani kafin ka fara naka.

Sauran wurare: inda sifirin ɗin baya ke ɗaure ta gaba, ramukan batir a bayan kujeru (ta 1971 batir biyu ne masu volt 6, asid ɗinsu na cin ƙarfen), daɓen but, saman madigadin ciki inda laka ke kwanciya, da gindin gilashin gaba inda madigadi ya haɗu da bodi. In mazaunin sifirin ya ruɓe tare da ginshiƙan ƙofa da dokin ƙofa duka biyu, babu sauran lafiyayyen wurin da za a auna daga gare shi. Irin wannan ba ta mai koyo ba ce.

Bakanike

Oga Mai Walda ya gama maganar bodi. Ta fannin inji hankalinka ya kwanta. Mai silinda huɗu ne, cc 1798, da kafireta biyu ƙirar kamfanin SU, kuma kusan kowane ƙarfe nasa ana ƙera sabo har yau.

Abu ɗaya: kada ka yarda a jona batir a yi ta murza shi don a nuna maka yana tashi. Bakin mai ya tsiyaye daga biyarin, zoben fistin na iya mannewa, tsohon fetur kuma ya zama danƙo a tanki da kafireta. A cire fulogi huɗun, a zuba bakin mai kamar cokali ɗaya a kowace silinda, a bar shi ya kwana, sannan a juya da sifana ta notin fulin gaba, zagaye biyu cikakku. In ya cije a wani wuri, kada a tilasta, bawul ne ya maƙale ko tsatsa ta kama bangon silinda. Zaro ma'aunin mai ka duba. In ya yi fari-fari, ruwa ya shiga, ko gasket ne ko kan injin ya tsage, kuma kan wannan injin ya saba tsagewa tsakanin silinda ta 2 da ta 3. In an kai ga auna matsin silinda, daidaito ya fi yawan lamba muhimmanci: kada bambancin silinda da 'yar'uwarta ya wuce kashi 10 cikin 100. In ya tashi ya yi zafi, agogon mai ya nuna matsin psi 50 ko sama a tafe.

Kuloci kan manne da fulawil a motar da ta daɗe a tsaye, kuma a MGB sai an fito da inji ake sauya shi, don haka ka haɗa aikin lokaci guda. Birki kuwa kada ka tsaya gwaji. Man birki na shan danshi, ya tsatsantar da silindoji daga ciki, kuma da yawa daga motocin wancan lokaci layin birki ɗaya gare su, in ya fashe a wuri guda babu birki gaba ɗaya. A sauya robobi, tiyo da bututu duka. Tankin fetur ta sama yake ruɓewa, inda ya manne da daɓen but, wurin da ba a gani sai an sauke shi. Tayoyi ko da zanensu bai cinye ba, shekaru sun busar da su. Tsohuwar ƙurar birki da ta kuloci na iya ƙunsar asbestos mai cutar da huhu, a jiƙa a goge, kada a hura da iska.

Dattijon Gareji

Ɗana, ni zan ɗan saɓa wa masu ba ka hanyar gyara. An ƙera MGB sama da 500,000 tsakanin 1962 da 1980. Ba mota ce mai wuyar samu ba, shi ya sa ko an gyara ta tsaf farashinta ba ya hawa sama sosai. Wanda zai biya wani ya yi masa walda da fenti a kan ruɓaɓɓiya, galibi abin da zai kashe ya fi kuɗin lafiyayya. Mota mai bodi ƙalau da mataccen inji ta fi dacewa da kai, tunda hannunka a inji yake. Wannan da ka kwatanta akasin haka ce.

In dai zuciyarka ta kafe a kanta, ka tabbatar da abu biyu kafin kuɗi su fita. Lambar da ke jikin farantin motar ta dace da ta takardu, kuma mai sayarwa yana da ikon sayarwa. Motar da ba za ta yi rajista ba, tarin kayan gyara ce kawai. Na biyu, cikar kaya. Ƙananan abubuwa irin su agogunan dashbod, firam ɗin gilashi, ƙarafan rumfa, makullai da maɓallai, ɗaya-ɗaya suke cin kuɗi, kuma sababbin da ake ƙerawa ba kullum suke zama daidai ba. A nan motar taka tana da maki. Ka guji wadda wani ya wargaza ya zuba a kwalaye.

Akwai mafita ta ƙarshe: kamfanin British Motor Heritage a Ingila yana buga sabon bodin MGB tun 1988 da ainihin injinan bugun masana'anta. Yana da tsada, kuma kafin ka yi tunaninsa ka binciki abin da dokar rajista ta ƙasarka ta ce kan sauya bodi.

Kada kuma wani ya ce maka ka koma Triumph Spitfire, wata motar Ingila mai buɗaɗɗen sama, don tana da casis. Casis ɗinta ta tsakiya ya bi, dokin ƙofarta ma yana ɗaukar nauyi.

Sabon Hannu

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na ji gargaɗinka. Oga Mai Walda, a ce ginshiƙai da mazaunin sifirin lafiya suke, dokin ƙofa da daɓe ne kawai suka tafi. Mai koyo zai iya? Kuma maganin tsatsa na ruwa da ake shafawa, ko wanke bodin da feshin yashi, ba za su rage aikin ba?

Mai Walda

Amin. Zai iya, amma ba a jikin motar zai koya ba. Kwanon bodi siriri ne, milimita 0.9 zuwa 1.2. Waldar sanda huda shi take yi, ta gas kuma zafinta na yaɗuwa ya karkatar da fallen. Abin da ya dace shi ne injin walda na MIG, mai tura waya milimita 0.6, da gas ɗin argon gauraye da CO2. Sami guntayen kwano masu wannan kauri ka yi ta haɗawa kana finciko su da filaya. Ranar da kwanon ya yage waldar ba ta saki ba, ka isa taɓa mota, kuma daɓe za ka fara, ba dokin ƙofa ba.

Kafin tartsatsi ya tashi, a cire batir, tanki, kafet da kujeru, a janye bututun fetur da na birki da wayoyin da ke bi ta ƙarƙashin daɓe. Kwaltar ƙasa na kamawa da wuta, a kankare ta, abin kashe gobara yana kusa. A ɗora motar kan matokarai a daidaita ta da ma'aunin ruwa. A gyara hinji, a saita ƙofa har tazararta ta yi kyau, sannan a yi waldar bututu mai kusurwa huɗu, milimita 25, a gicciye a bakin ƙofar ta ciki. Ƙofar ta zauna a jiki domin ita ce ma'auninka. Gefe ɗaya ake yi a gama kafin a taɓa ɗayan. Wanda ya yanke duka biyu a tare, motar za ta sauka, kuma zai manne ta a karkace ba tare da ya sani ba.

Dokin ƙofa ya zarce ƙarƙashin madigadin gaba da na baya. Dole a kwance na gaba, a yanke gindin na baya. Duk wanda ya ce zai sauya shi ba tare da wannan ba, tsakiyar kawai zai yi faci. Tsofaffin ɗigon walda da bakin dirila na musamman mai milimita 8 ake cire su, don kada a ɓata fallen da ke ƙasa. A ɗaura sababbin fallaye duka da filayar maƙala, a rufe ƙofa a gani, a gyara, a sake gani, kafin ɗigo ɗaya ya sauka. Sannan a huda ramuka milimita 6 zuwa 8, tazarar kamar milimita 25, a cike kowanne da walda, ana tsallake-tsallake don zafi kada ya taru wuri ɗaya. Fuskokin da za su haɗu a fesa musu firamar zinc, wato fentin ƙasa mai hana tsatsa, amma hayaƙinta na da illa, a yi aikin inda iska ke wucewa.

Maganin shafawa na tsatsar sama ne, wadda ƙarfe ke nan da kaurinsa a ƙarƙashinta. Ba ya mayar da ƙarfen da ya tafi. Inda sukudireba ya shige, a yanke har sai an kai farin ƙarfe. Feshi yana da amfani a daɓe da ƙasan mota, amma a ƙofa da bonet yana lanƙwasa su, kuma ainihin yashi ƙurarsa na lalata huhu, a yi da garin gilashi ko makamancinsa. Ƙarfen da aka wanke a rufe shi da firamar epoxy a ranar, in ya kwana tsatsa ta dawo. Foti kada ya wuce milimita 2 zuwa 3, kuma ba a toshe rami da shi, yana shan ruwa ta baya ya kumbura. Bayan walda a bi kowace gaɓa da abin liƙe gaɓa, bayan fenti kuma a fesa kakin hana tsatsa cikin dokin ƙofa da doguwar tiyo har sai ya ɗigo ta ramukan ruwa, sannan a bi ramukan da waya a buɗe su.

In za ka koma ganin motar, ɗauko hoton leɓen ƙasa na gefe biyu, mazaunin sifirin, da gindin ginshiƙin ƙofar da ta sauka bayan ka ɗaga kafet. Ka sa mana a nan mu gani kafin ka yi ciniki.