Ta ina ake fara shirin kula da masu taɓin hankali da 'yan shaye-shaye a gidan gyaran hali?

Jami'ar walwala:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar. Gidan gyaran hali ne matsakaici, mafi yawan mazauna cikinsa masu jiran shari'a ne. Nas ɗaya ne ke kula da ɗakin shan magani, likita kuwa sai an ɗauko shi daga babban asibiti. An samu ɗan tallafi na shekara guda don masu taɓin hankali da waɗanda ƙwaya ta kama. Kwamiti ya rabu biyu: wasu na son a zuba kuɗin a magani, wasu na son a horar da gandirobobi a kuma riƙa kawo malamai suna wa'azi. Me ya kamata ya zo farko? Kuma me ya fi kashe irin wannan shiri?

Nas ɗin ƙwaƙwalwa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin magani da horo akwai abin da bai kai su tsada ba, kuma duk sauran aikin a kansa yake: tantancewa a bakin ƙofa. Duk wanda aka kawo, ma'aikacin lafiya ya gan shi cikin awa 24, a wurin da sauran fursunoni ba sa jin abin da ake faɗa. Ƙa'idojin Nelson Mandela da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 sun tanadi wannan ganin na farko a ƙa'ida ta 30, don haka kina da abin kafa hujja idan shugaban gidan ya ce babu lokaci.

Takarda shafi ɗaya ta isa. A tambaye shi: an taɓa kwantar da kai a asibitin ƙwaƙwalwa ko an kai ka gidan mari? Kana shan wani magani kullum, kuma yaushe ka sha na ƙarshe? Kana jin muryoyin da wasu ba sa ji? Ka taɓa yunƙurin kashe kanka, kuma tunanin yana zuwa maka yanzu? Kana farfaɗiya? Me kake sha, nawa a rana, yaushe rabonka da shi? A kira abubuwan da sunan da yara suka san su da shi, wiwi, taramol, kodin, roci, Exol, sholisho, giya. Idan ka ce wa saurayi "kana ta'ammali da miyagun ƙwayoyi?" zai ce a'a. Idan ka ce "taramol nawa kake afawa da safe?" sau da yawa zai faɗa maka. A ƙarshe a karɓi lambar wayar ɗan'uwa guda biyu, tun a ranar, domin ranar sallama za a neme su.

Wanda ya amsa e ga ko da tambaya ɗaya daga cikin waɗannan, sunansa ya shiga rajista ta musamman, a sake ganinsa cikin kwana uku. Sauran kuma a sake duba su bayan sati biyu, saboda ranar farko mutum a firgice yake, yakan ɓoye.

Satin farko shi ne mafi haɗari, musamman ga wanda aka yanke wa abin da jikinsa ya saba da shi. Mashayin giya na gaske yakan fara makyarkyata da gumi cikin awa 6 zuwa 24 da shan ƙarshe, ruɗewa da gane-gane kuma su zo a rana ta biyu zuwa ta uku. Wannan yana kisa. Yana buƙatar Valium da ake rage masa a hankali cikin 'yan kwanaki bisa umarnin likita, da bitamin B1, in ya rikice a kai shi asibiti a ranar. Wanda ya daɗe yana shan Rohypnol, wato roci, ko Valium shi ma yanke masa lokaci ɗaya na iya jawo jijjiga. Mai kodin da taramol yakan sha wuya da ciwon jiki, gudawa, hamma da rashin barci na kimanin mako, abin kiyayewa a wurinsa shi ne bushewar jiki, sai a wadata shi da ruwan gishiri da sukari. Gandiroban da bai san wannan ba zai ɗauka iskanci ne, ya kulle mutum shi kaɗai, da safe a tarar da gawa.

Horon gandirobobi yana da amfani, amma a taƙaita shi: kwana biyu, abu huɗu. Gane alamun janye ƙwaya, gane mai niyyar kashe kansa, kwantar da wanda ya zabura da magana ba da duka ba, da sanin wanda za a kira cikin dare.

Likita:
Na yarda da Malam nas a kan ƙofar shiga. Bari in ɗora a kan magani, don a nan kwamitoci suka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya.

Kada a sayi magani kafin rajista ta cika wata guda. A fara sanin mutum nawa ne masu ciwon da ke sa jin muryoyi da zargin mutane, nawa ne masu ciwon damuwa, nawa ne masu farfaɗiya. Daga nan a lissafa na wata goma sha biyu, a ƙara na wata uku ajiya, a ƙara kuma na wata guda ga kowane mutum da zai fita. Idan kuɗin bai kai ba, a rage yawan nau'in magani, kada a rage watanni. Wanda aka fara wa magani ya samu sauƙi sannan aka katse a wata na biyar yakan dawo da ciwon, wani lokaci fiye da yadda yake da, kuma daga ranar shi da abokan ɗakinsa sun daina yarda da ku.

Jeri gajere ya wadatar, kuma littafin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka rubuta don ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, ya bayyana adadin kowanne. Ga ciwon jin muryoyi da zargin mutane, Haldol ana farawa da miligiram 1.5 zuwa 3 a rana. Allurar Modecate, ita ma ta wannan ciwon, ana fara gwaji da miligiram 12.5 a tsokar ɗuwawu, sannan a riƙa yi duk sati biyu zuwa huɗu. Ga ciwon damuwa na fi son fuloksetin, miligiram 20 da safe, a kuma gaya wa mai shan cewa sai ya kai sati huɗu zuwa shida kafin ya ga cikakken amfaninsa. Amitiriftilin ya fi araha, amma wanda ya tara na sati biyu ya haɗiye lokaci guda zai iya mutuwa, shi ya sa ba na son ganinsa a hannun fursuna.

Abin da ke lalacewa kuwa ga shi. Na farko, Artane. Ana ba da shi ne don sanƙarewar wuya, karkarwa da zubar miyau da Haldol ko Modecate ke jawowa, amma shi ne Exol ɗin da ake sayarwa a lungu. Idan aka rubuta wa kowa shi tun ranar farko, kun buɗe kasuwa a cikin gidan da kuɗin tallafi. A ba wanda alamun suka bayyana a jikinsa kawai. Na biyu, duk ƙwayar magani a sha ta a gaban nas, da kofin ruwa, a buɗe baki a ɗaga harshe, nas ya sa hannu a kati. Kada a ba shugaban ɗaki ya raba. Na uku, haɗuwar magunguna. Tarin fuka da cutar ƙanjamau suna da yawa a gidajen yari. Rifamfisin na tarin fuka yana rage ƙarfin Haldol a jini, Tegretol na farfaɗiya kuma yana rage ƙarfin wasu magungunan ƙanjamau, saboda haka kati ɗaya ya ɗauki duk abin da mutum ke sha. Na huɗu, zafi. Daga Maris zuwa Mayu, a ɗakin da ya cika maƙil, mai shan Largactil, wani maganin taɓin hankali irin su Haldol, jikinsa ba ya iya sauke zafi yadda ya kamata. Zazzaɓi mai tsanani tare da sanƙarewar gaɓoɓi da ruɗewa a jikin mai shan waɗannan magunguna, a tsayar da maganin nan take a kai shi asibiti, kada a tsaya ana cewa maleriya ce. Da azumi kuma a mayar da abin da zai yiwu zuwa bayan buɗa baki ko sahur, in ba haka ba mutane za su daina sha a ɓoye.

Game da ƙwararren likita, a rubuta yarjejeniya da asibitin ƙwaƙwalwa mafi kusa, ko na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato ko Maiduguri, ko na Dawanau a Kano. Ziyara ɗaya a wata da layin waya da nas zai kira ya fi gangamin duba marasa lafiya na kwana ɗaya da ake ɗaukar hotuna a watse. A sa kuɗin man mota da na masu rakiya a kasafi, don rashinsu ne ke hana kai mutum asibiti, ba rashin gado ba.

Barista:
Hajiya, a ware wa ɓangaren shari'a wani abu, ko da kuɗin zirga-zirgar ma'aikaci ɗaya ne da zai riƙa bin fayil. Da yawa daga cikin waɗanda za su cika rajistarku bai kamata su kasance a gidan ba tun farko. Dokar hukumar gyaran hali ta 2019 ta ba shugaban gida ikon ƙin karɓar wanda aka kawo ba ya cikin hayyacinsa ko da munanan raunuka, ta kuma kafa ɓangaren hukuncin da ba na ɗauri ba, irin su aikin al'umma da sa ido a waje. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, da takwarorinta na jihohi, sun tanadi cewa idan kotu ta ga alamar wanda ake tuhuma ba zai iya kare kansa ba saboda hankalinsa, a sa likita ya duba shi. A nan mutane ke maƙalewa. Alƙali ya ɗage shari'a sai an kawo rahoton likita, babu wanda ya ɗauki nauyin kawo rahoton, mutum ya shekara uku a kan tuhumar da ko an same shi da laifi hukuncinta bai wuce wata shida ba.

Saboda haka a rajista a ƙara layi huɗu: kotun da ke shari'ar, tuhumar, ranar zama na ƙarshe, da ko an nemi rahoto. Duk ziyarar likita ya rubuta rahoton mutum biyu ko uku, gajere, da ke amsa abin da kotu ke son ji: yana gane tuhumar? Zai iya yi wa lauyansa bayani? Wane magani yake sha, kuma ina zai ci gaba da karɓa idan an ba da belinsa? A miƙa jerin ga hukumar ba da agajin lauyoyi, a kuma shirya shi kafin ziyarar babban jojin jiha, lokacin da yake duba waɗanda suka daɗe a tsare.

Ina da gyara ɗaya a kan maganar Likita. Allurar wata-wata tana da sauƙin gudanarwa, kuma saboda sauƙin nan ake saurin danne mutum a yi masa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanar da sanya mata hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba majinyaci haƙƙin a yi masa bayani a nemi yardarsa, kuma ɗauri bai cire masa wannan haƙƙin ba. Haka kuma a tsare sirrin takardar tantancewa. Yunƙurin kashe kai har yanzu laifi ne a kundin Final Kod, wato dokar laifuka ta Arewa, sashe na 231. Idan abin da mutum ya faɗa wa nas ya isa hannun mai gabatar da ƙara, labari zai zagaya ɗakuna cikin kwana ɗaya, ba wanda zai sake faɗin gaskiya.

Likita:
Gyaran Barista daidai ne. Tilas ba ya halatta sai a halin gaggawa, inda mutum zai cutar da kansa ko wani, kuma a rubuta dalili da lokaci da sunan wanda ya ba da umarni. Mari da kulle mutum shi kaɗai ba magani ba ne. Mai tunanin kashe kansa a sa shi cikin mutane, kusa da ƙofa, a riƙa leƙa shi duk minti 15 ana sa hannu a takarda.

Mai ba da shawara kan shaye-shaye:
Kowa ya yi maganar shiga da zama, saura fita, kuma a nan aka fi asarar mutane. Wanda ya yi wata shida bai sha kodin ko taramol ba, jikinsa ya manta adadin da ya saba ɗauka. Ya fita, abokai su yi masa barka da zuwa da irin adadin da, numfashi ya tsaya ko jijjiga ta kama shi. Binciken da aka yi a jihar Washington ta Amurka, aka wallafa a 2007, ya nuna sati biyun farko bayan sallama su ne mafi haɗarin mutuwa ta wannan hanya. A faɗa wa kowane mai fita wannan ƙarara, shi da iyalinsa.

Wahalar ita ce mai jiran shari'a ba shi da ranar fita. Za a tafi da shi kotu da safe, a ba da beli, daga can ya wuce gida, katinsa na ɗakin magani. Maganin wannan shi ne a shirya tun wuri. Duk wanda ke rajista, ranar da zai je kotu ya tafi da takarda a aljihu mai ɗauke da sunan ciwonsa, maganinsa, ranar allurarsa ta gaba, asibitin da zai je da lambar wayar shirin. Ofishin rajistar gidan ya riƙa ba nas jerin masu zuwa kotu tun ana gobe za a kai su. Wanda bai dawo ba, a kira ɗan'uwansa cikin kwana biyu ya zo ya karɓi maganin wata guda. Sai kira a rana ta 7, ta 14 da ta 30. 

Malamai da fastoci kuwa, kada a ture su, Hajiya. Iyali sun fi jin maganarsu fiye da tamu. A zauna da su a yi yarjejeniya ɗaya: ruƙiyya da addu'a su tafi tare da magani, kada kowa ya ce wa majinyaci ya ajiye maganin asibiti don ya warke. Kuma su taimaka wajen shawo kan uban da ya yi rantsuwa ɗansa ba zai sake taka masa gida ba, domin wanda ya fita bai da wurin kwana tasha zai nufa, can kuma ƙwayar ke jiransa. A cikin gida, zaman rukuni na mutum takwas zuwa goma, awa ɗaya a mako, ya isa, a raba masu shaye-shaye kawai da waɗanda ciwon ƙwaƙwalwarsu bai lafa ba.

Jami'ar walwala:
Allah ya saka da alheri. To me zan nuna wa masu tallafi a ƙarshen shekara? Sun fi son jin adadin mutanen da aka horar.

Nas ɗin ƙwaƙwalwa:
Ki ba su wannan, amma ki ɗora musu alƙaluma biyar da za a riƙa cirewa daga rajista duk ƙarshen wata: cikin sababbin shiga nawa aka tantance a awa 24, kwana nawa wani magani ya yanke a ɗakin magani, mutum nawa suka ji wa kansu ciwo ko aka kulle su kaɗai, rahoton likita nawa ya isa kotu, cikin waɗanda suka fita nawa suka je asibiti a wata na farko. Idan na ƙarshen ya yi ƙasa, a duba lambobin wayar da aka karɓa ranar shiga, galibi ɗaya aka rubuta kuma ta wanda ya kawo ƙarar ce. Tun wata na shida kuma ku fara zama da kwanturolan hukumar gyaran hali na jiha da ma'aikatar lafiya a kan wanda zai ci gaba da sayen magani daga wata na goma sha uku, a samu amsar a rubuce.