Injin wanki mai feshin ruwa da ƙarfi na biyu ya mutu a hannuna, wanne zan saya?

Bakanon Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina wankin tsakar gida da katanga da ɗaɓen intalok a wasu istiraha (gidajen shaƙatawa) guda huɗu a arewacin Jidda. Ƙura ce da kashin tattabaru, sai maiƙon gashi bayan an yi walima. Wata bakwai ke nan, inji biyu sun tafi. Na baya-bayan nan riyal 350 na saye shi, an rubuta bar 160, wato ƙarfin feshinsa, ɓaro-ɓaro a kwalinsa. Ranar Alhamis ina tsakiyar aiki ya fara shaƙewa, ruwa na ɗiga ta gindinsa, can sai ƙauri. Mai gida na tsaye yana kallona, da bokiti da buroshi na ƙarasa. Na tara riyal 1,500. Mai wuta zan saya ko mai fetur?

Dattijon Sana'iyya:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin komai: daga ina kake jan ruwa? In daga tankin saman bene ne, to kai da injin kun raba laifi. Ruwan nan a watan Yuli ko alwala ba ta yiwuwa da shi da azahar, kuma ƙananan injinan gida, har da Kärcher na jerin K, iyakar zafin ruwan da za su sha digiri 40 ne. Ya wuce haka robobin cikin famfo su saki, ɗigar da ka gani ke nan. Ja daga tankin ƙasa, kuma ka sa matata a bakin tiyo, don ruwan wayit, wato na motar tanka, ba ya rasa yashi.

Lambar bar ɗin kwali kuwa ado ce. Duba lita nawa yake fitarwa a awa. Bar ke ɓamɓare datti, yawan ruwa ke kore shi, kuma a fili mai faɗi korewar ce ke cin lokaci. Kärcher K2 bar 110 ne, na wankin keke da motar gida. K5 bar 145, lita 500 a awa, motarsa ba ta amfani da gawayi (burushin kabon da ke cinyewa), ruwa ke sanyaya ta. Amma shi ma na gida ne. Mai cin abinci da inji ya nemi jerin HD, wato Kärcher na masu sana'a, ko wanda famfonsa na Italiya ne, Annovi Reverberi ko Interpump, mai fistin uku da kan tagulla. Irin wannan in ya fara ɗiga robobi za mu canza masa, na kan roba kuwa sai bola. Shekara goma sha ina kwance su, ban taɓa ɗinke fasasshen kan roba ya kai mako ba.

Ɗan Zinder a Makka:
Gaskiyar Baba ce. Ƙari ɗaya: wutar Saudiyya 60Hz ce, ta Dubai da ta gida 50Hz. In za ka ɗauki na hannu a Haraj, kasuwar kayan hannu, juya shi ka karanta farantin da ke jikinsa ka ga ko na 60Hz ne. Kuma a jona maka shi ya yi minti goma a gabanka, ba a kunna a kashe ba.

Bakanon Jidda:
Wallahi Baba kamar kana wurin, daga saman bene nake ja. To mai fetur fa? Na ga wani da injin Honda.

Dattijon Sana'iyya:
Honda GX200 doki ne, ba ni da ta cewa. Amma ƙararsa za ta haɗa ka da maƙwabta, ga nauyi, ga canjin mai, kuma duk istiraha akwai wuta. Shi ba ya tsayawa in ka saki bindigar feshi, ruwa ne ke ta zagaye a cikin famfo yana zafi, minti biyu uku ka dafa robobin. Kuɗinka ba lallai su kai sabon HD ba. Ni da zan ƙara haƙurin wata biyu in cika, in karɓi rasit. A tambayi mai shago ƙarara ko garantin ya shafi aikin sana'a, don na injin gida yawanci bai shafa ba.

Kan intalok sa wa bindigar koren baki, mai digiri 25. Jan nan na sifili zai kwashe yashin da ke tsakanin duwatsun, ya zana wa katanga layi, mai gida ya cire a kuɗinka.

Bakanon Jidda:
Ashe shi ya sa ɗaɓen gidan farko ya fara girgiɗi. Allah ya saka da alheri Baba. Zan shigo Sana'iyya, unguwar masu gyara, ranar Asabar bayan la'asar da gawar tsohon, ko tiyonsa da bindigar za su yi amfani.