Neman gyara kan tambayoyin gasar kacici-kacici ta ɗaliban sakandare

Malama Rabi, Gusau:

Assalamu alaikum, malamaina da abokan aiki. An ɗora mini nauyin tsara tambayoyin gasar kacici-kacici ta ƙarshen zango a makarantarmu, kuma tambayoyin za su shafi addini da tarihi da halittu da zane-zane da kiɗa da wasanni. Abin da ya sa na kawo maganar nan shi ne abin da ya faru bara, lokacin da aka tambayi wata yarinya adadin ayoyin Suratul Baƙara ta ce 285, alƙalin gasa ya ce ta faɗi domin 286 ne a takardarsa, washegari kuma mahaifinta ya zo da Alƙur'ani a hannu yana cewa 'yarsa ba ta yi kuskure ba. Aka rabu ba tare da kowa ya gamsu ba, kuma yarinyar ba ta sake shiga gasa ba.

Ga wasu daga cikin tambayoyin da na tanada. Littattafai nawa ne a cikin Littafi Mai Tsarki na Kirista, wane ne Sarkin Musulmi na farko, wane ne shugaban Najeriya na farko, wace hamada ce ta fi girma a duniya, wace dabba ce ta fi gudu, wane kogi ne ya fi tsawo, wa ya zana hoton Mona Lisa, da wane wasa Najeriya ta fara cin lambar zinariya a gasar Olimfik. Amsoshin da nake da su na ɗauko su ne daga tsofaffin takardun gasa, saboda haka ina roƙon duk wanda ya ga wurin da za a iya yin gardama ya nuna mini tun yanzu.

Alaramma Sani, Haɗeja:

Wa alaikumus salam, Malama. Mahaifin yarinyar nan yana da gaskiya, alƙalin gasar ma yana da gaskiya, wanda ya rubuta tambayar ne ya bar ƙofa a buɗe. Malaman ƙira'a sun ruwaito hanyoyi daban-daban na ƙidayar ayoyi, kuma saɓanin bai taɓa harafi ɗaya na Alƙur'ani ba, ya tsaya ne kawai ga inda ake ɗaukar aya ta ƙare. Mushafin Hafsu yana bin ƙidayar mutanen Kufa, wadda ta ba da ayoyi 6,236, Baƙara kuma 286. Mushafin Warshu, wanda shi ne muka gada a tsangayu, yana bin ƙidayar mutanen Madina, wadda ta ba da 6,214, Baƙara kuma 285. Misali mafi sauƙi shi ne Alif Lam Mim da ta buɗe surar, wadda mutanen Kufa suke ƙidaya ta aya guda mai zaman kanta, mutanen Madina kuwa suna haɗa ta da abin da ya biyo baya. Ko Fatiha da kowa ya yarda ayoyinta bakwai ne, hanyar kaiwa ga bakwai ɗin ta bambanta, domin Kufawa suna lissafa Bisimilla a matsayin aya ta farko, Madinawa kuma ba su lissafa ta, sai su raba ayar ƙarshe gida biyu.

Shawarata ita ce ki bar adadin ayoyi, ko kuma ki ambaci ruwayar a cikin tambayar. Akwai tambayoyi masu daɗi da ba su da gardama: surori 114 ne, Suratut Tauba ce ba a buɗe ta da Bisimilla ba, Suratun Namli kuma tana ɗauke da Bisimilla sau biyu saboda wasiƙar Annabi Sulaimanu zuwa ga sarauniyar Saba'i. Haka nan an yi Hijira a shekarar 622 ta Miladiyya, amma a zamanin halifancin Sayyadina Umar ne aka tsayar da ita ta zama mafarin kalanda, kuma yara da yawa suna zaton Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya kafa lissafin.

Game da Sarkin Musulmi na farko, a nan ma ki yi hattara. An yi wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo mubaya'a a Gudu cikin 1804 bayan ya yi hijira daga Degel, tun ba a gina Sakkwato ba, domin ɗansa Muhammadu Bello ne ya gina ta a 1809. Da wannan lissafi Shehu ne na farko, kuma da shi ake cewa Mai Alfarma Muhammadu Sa'ad Abubakar shi ne na 20. Amma yaron da ya karanta cewa Bello ne ya fara zama a kan gadon mulki a Sakkwato bayan rasuwar Shehu a 1817 zai ce miki Bello, kuma ba za ki iya cewa bai yi karatu ba. Ki tambaya haka: wa aka yi wa mubaya'a a Gudu a 1804?

Malam Bulus, Wusasa:

Ina yi wa Alaramma godiya, domin irin abin da ya bayyana shi ne ke jiran Malama a tambayarta ta farko. Littafi Mai Tsarki da majami'un Furotesta suke amfani da shi yana da littattafai 66, wato 39 a Tsohon Alkawari da 27 a Sabon Alkawari, na Katolika kuwa yana da 73 saboda ƙarin littattafai bakwai a Tsohon Alkawari. Idan a ajinki akwai yara daga ɓangarorin biyu, kowannensu zai faɗi abin da aka koya masa. Ki tambayi adadin littattafan Sabon Alkawari, domin 27 ne a wurin kowa, ko kuma shekarar da aka fara buga cikakken littafin da Hausa, wato 1932.

Ni malamin labarin ƙasa ne, saboda haka bari in tsaya a kan halittu. Maganar hamada tana da wata sarƙaƙiya ta harshe da takardun gasa ba su lura da ita. A wurin masana, hamada ita ce duk yankin da ruwan da ke sauka a cikinsa bai wuce kimanin milimita 250 a shekara ba, ko da zafi ko da sanyi, kuma da wannan ma'auni nahiyar Antatika, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita miliyan 14, ta fi Sahara mai kimanin miliyan 9. Sai dai Bahaushe idan ya ce hamada, rairayi da rana da ƙishirwa yake nufi, kuma ban ga adalci ba a kayar da yaro saboda ya fahimci kalmar yadda iyayensa suke faɗinta. Ki rubuta "hamada mai zafi", amsa ta zama Sahara, kowa ya huta.

Dabba mafi gudu ma haka take. A doron ƙasa rabbi ne, wanda yakan kai kimanin kilomita 100 a cikin awa amma na ɗan taƙin lokaci, kuma ki tabbata yara sun san ba damisa ba ne, domin da yawansu suna haɗa su saboda ɗige-ɗigen jikinsu. Idan aka haɗa da tsuntsaye, akwai wani irin shaho da yakan wuce kilomita 300 a awa idan ya dunƙule ya faɗo kan abin farautarsa. Kogi mafi tsawo kuwa, littattafan makaranta sun tsaya a kan Nilu mai kimanin kilomita 6,650, amma akwai masu bincike da suke ba Amazon, saboda ba a daidaita a kan inda kowanne ya faro ba. Ni da zan tsara, zan ce kogi mafi tsawo a Afirka, ko in tambayi ƙasar da kogin Kwara ya samo asali, wato Gini.

Abin da na fi so a irin wannan gasa shi ne tambayar da take gyara kuskuren da yaro ya taso da shi. Tozon raƙumi kitse ne, ba ruwa ba. Jemage ba ya ƙwai, haihuwa yake yi yana shayarwa. Raƙumin dawa, duk da tsawon wuyansa, ƙasusuwan wuyan nasa bakwai ne, daidai da na ɗan Adam.

Malam Isufu, Maraɗi:

Malama, ki gafarce ni in shigo ta wajen wasanni, domin amsar da na san tana cikin tsofaffin takardunki ita ce ƙwallon ƙafa, kuma ba daidai ba ce. A gasar Atlanta ta 1996, Chioma Ajunwa ta ci zinariya a tsallen nesa kwana ɗaya kafin 'yan ƙwallon Najeriya su doke Ajantina da ci 3 da 2 a wasan ƙarshe, saboda haka ita ce ta farko. Lambar Olimfik ta farko ko wace iri ce kuwa ta tagulla ce, wadda Nojim Maiyegun ya ci a damben zamani a Tokiyo cikin 1964. Mu ma a Nijar da dambe muka fara, lokacin da Issaka Daboré ya ci tagulla a Munik a 1972, sai da aka jira har 2016 kafin Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya kawo azurfa a wasan taikwando daga Riyo.

Shugaban Najeriya na farko tambaya ce mai baki uku. Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne firayim minista, kuma a hannunsa gwamnati take lokacin samun 'yancin kai a 1960. Nnamdi Azikiwe ya zama shugaban ƙasa a 1963 da aka koma jamhuriya, amma ba shi da ikon zartarwa. Shugaba na farko mai cikakken iko da jama'a suka zaɓa shi ne Shehu Shagari a 1979. Mu ma muna da irin wannan tarko, domin Nijar ta zama jamhuriya ranar 18 ga Disamba 1958, ta samu 'yancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, kuma duka ranakun biyu ana bikinsu. Idan kina son tambayar da za ta ba yaran Najeriya mamaki, ki tambaye su babban birnin Nijar kafin Yamai, wato Damagaram, wanda Faransawa suka ɗauke hedkwata daga cikinsa a 1926.

Ki kuma sa shekara a duk tambayar da amsarta take iya canzawa. Cewa an fara gasar cin kofin duniya a Urugwai a 1930 ba zai canza ba, haka nan fara gasar cin kofin Afirka a Hartum a 1957 da ƙasashe uku kacal. Amma adadin kofunan da wata ƙasa ta ɗauka yana buƙatar a ce zuwa wace shekara, kamar a ce zuwa gasar 2022 Burazil ta ɗauki kofin duniya sau biyar.

Malama Rabi, Gusau:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Alaramma, da mun san wannan bayani bara da ba a yi wa yarinyar nan haka ba, kuma na yi niyyar in je gidansu da kaina in ba su haƙuri. Saura zane-zane da kiɗa, inda nake da rauni sosai, domin ban da Mona Lisa ba ni da komai.

Baba Ɗanjuma, Zariya:

'Yata, amsar Mona Lisa ba ta da gardama, Leonardo da Vinci ne ya zana ta, kuma tana gidan tarihi na Louvre a birnin Faris. Kina iya ƙarawa da cewa a kan katako aka yi zanen, tsawonsa bai wuce santimita 77 ba, kuma wani ɗan Italiya da ya taɓa aiki a gidan ya sace shi a 1911, ba a gano shi ba sai a 1913 a birnin Fulorans. Amma ban ga dalilin da zai sa yaron Gusau ya san wannan hoto alhali bai san matar da ke bayan takardar naira 20 da yake sayen alawa da ita ba. Ladi Kwali ce, maginiyar tukwane wadda aka nuna aikinta a Turai da Amurka. Ki tambaye su kuma game da mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928 a kudancin Kaduna ta yau, da masallacin Jenne na ƙasar Mali, wanda ginin da ke tsaye yanzu na 1907 ne, da kuma Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na birninmu a ƙarni na 19.

A wajen kiɗa, hanya mafi aminci ita ce ki haɗa makaɗi da abin kiɗansa. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da kotso suka yi suna, Salisu Jankiɗi da taushi, Mamman Shata da kalangu, Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, Barmani Coge kuma da ƙwarya. Kada ki tambayi shekarar haihuwar makaɗan da, domin a lokacin ba a rubuta ranar haihuwa a ƙauyuka, kuma marubuta sukan saɓa. Shekarar rasuwa ta fi tabbas: Shata ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura, Ɗan Maraya kuma a 2015.

Sai ki duba tsofaffin takardun nan da kyau a kan taken ƙasa, domin duk wadda aka buga kafin 2024 ta tsufa. Taken da aka fara da shi a 1960 an ajiye shi a 1978, sa'an nan aka dawo da shi a watan Mayun 2024, saboda haka idan kika ce "taken Najeriya na farko" da "taken Najeriya na yanzu", abu ɗaya kike tambaya sau biyu.

Malam Isufu, Maraɗi:

Baba ya tuna mini cewa mu ma an sauya mana taken ƙasa a watan Yunin 2023, aka ajiye wanda aka yi amfani da shi tun 1961. Malama, idan kin gama gyaran ki turo mana jerin gaba ɗaya, domin makarantarmu ma tana da gasa bayan hutu, kuma na ga tambayar tozon raƙumi za ta kayar da wasu malamanmu kafin a kai ga ɗalibai.