Batiran solarmu suna mutuwa da ƙarfe biyun dare, ga allurar Inna a firij

Ɗan Gadarif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman wanda ya san kan sola ya taimake ni. Da wuta ta fara kwana da kwanaki ba ta dawo ba, sai na sayar da rabin riɗin da na noma na haɗa sola: faifan ɗaukar hasken rana biyu masu wat 300, batiran ruwa biyu masu bolt 12 da amfiya 200, da inbata. Ba don jin daɗi na yi ba. Innata tana da ciwon sukari, allurarta ta insulin kuwa sai a firij.

Da farko har asuba muke kaiwa. Da 'yan uwanmu suka taso daga garin Madani, nan cikin Sudan, a Disamban 2023 gida ya cika, muka koma kunna fanka biyu, ga cajin wayoyi har na maƙwabta. Yanzu ƙarfe biyun dare inbata za ta yi ƙara ta ɗauke. Batiran suna ɗakin ajiya mai rufin kwano. Wanda ya sayar mini ya ce in ƙaro sabon batir. Kafin in ci bashi ina son in gane me ke faruwa.

Makanikin Mai Wurno:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya. Ƙanena, kada ka sayi komai tukuna, zo mu yi lissafi.

Batir randa ce, faifai shi ne mai ɗebo ruwa. Bolt 12 sau amfiya 200 ya ba ka wat-awa 2,400, wato yawan wutar da randa ɗaya ke ɗauka, biyun kuwa 4,800. Amma batirin dalma, wato na ruwa irin naka, rabinsa kawai ake sha, in ana wuce haka kullum yana saurin lalacewa. Ke nan 2,400 ne naka. Fankar sama ɗaya tana cin kamar wat 75, biyu a awa goma sun cinye 1,500. Firij a zafin nan zai ja kamar 600 cikin dare. Ita kanta inbata, ko ba a jona mata komai ba, tana shan nata. Ka ga an riga an haura.

Babbar matsalar ma da rana take. Faifanka biyu, in sun yi ƙoƙari, abin da za su tara a yini bai fi 2,500 ba, kuma firij da fanka da wayoyi suna ci tun kafin ya isa randar. Batiranka sun daɗe rabonsu da cika. Batirin dalma in ya jima bai cika ba, wani farin gishiri ne yake daskarewa a jikin farantansa, wurin ajiyar ya riƙa raguwa. In ka haɗa sabo da tsofaffin nan, su za su ja shi ƙasa. Faifai za ka ƙara.

Ka gwada wannan: bayan magariba ka kashe komai na awa biyu, ka auna kowane batir shi kaɗai. Cikakke yana nuna bolt 12.6 ko 12.7. In ka ga 12.1, rabi ne.

Kuma don Allah ka fitar da su daga ɗakin kwanon nan. An ƙera su ne a kan zafin digiri 25, duk ƙarin kamar digiri goma yana raba kwanansu biyu, ka kuwa san yadda Afrilu da Mayu suke a Gadarif. Ka sa su inda iska ke ratsawa, don suna fitar da iska mai kama wuta lokacin caji. Ruwan batir tatacce za ka riƙa ƙara musu, ban da na rijiya ko na famfo.

Maman Yara, Kassala:
Ɗana, ni ma mai gidana allurar yake yi. Da rana nakan cika saman firij da gorunan ruwa su ƙanƙare, da dare in sauko da su kusa da maganin, kuma ba mai buɗe ƙofar sai da dalili. Amma kada kwalbar ta taɓa ƙanƙara, insulin in ya daskare ya tashi aiki. Sannan a riƙa goge faifan da sassafe kafin ya yi zafi. Bayan habub, wato guguwar ƙura, in ka hau za ka iske ƙura ta rufe shi ruf.

Direba a Jidda:
Na aika wa gida batirin litiyom bara. Ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari nasa, ba ya son ruwa, kuma yana jure caji sau dubbai. Tsada ce kawai, kuma sai an tabbata inbatarka ta san cajinsa. Amma gaskiyar Malam Makaniki ce, ko litiyom ne in faifai bai isa ba haka zai kwana da yunwa. Ka duba kwantirolarka ma, wato na'urar da ke daidaita caji tsakanin faifai da batir, irin wadda ake kira MPPT ta fi tatso wuta daga faifai.

Ɗan Gadarif:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na auna jiya: ɗaya 12.2, ɗaya 11.9. Na hau rufi kuma na iske ƙura har ana iya rubutu a kai, na wanke. Mun mayar da batiran zaure, cajin wayoyi kuma daga hantsi zuwa azahar kawai. Mama, gorunan suna ciki tun safe. Malam, shi mai 11.9 ɗin zai farfaɗo in na cire fankoki na kwana uku na bar shi ya cika, ko in fara tanadin kuɗinsa?