Na'urar sanyaya gida da ɗumama shi ta shekara 14: in ci gaba da gyara ko in sayi sabuwa?

Baban Ummi:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan harka. Na'urar da ke gidana mai aiki biyu ce, tana sanyaya ɗakuna lokacin zafi, ta kuma ɗumama su idan sanyi ya shigo, kuma bana shekararta 14 da kafawa. Shekaru goma sha biyun farko ba ta taɓa ba ni wahala ba, in ban da wanke matatar iska, amma cikin shekara biyun nan sau uku ana ƙara mata gas, an canja kafasita (ƙaramin abin da ke taimaka wa injin tashi) sau ɗaya, yanzu kuma sai ta yini tana ruri ba tare da ɗakin ya yi sanyin kirki ba, ga kuɗin wuta sai hauhawa yake yi. Mai gyaran da ya duba ta makon jiya ya ce kwampireso, wato injin da ke matsa gas ɗin ya zagaya, ya fara gajiya. Mahaifiyata tana zaune tare da mu, shekaru sun ja, ba ta jure zafi ko kaɗan, don haka ina tsoron na'urar ta tsaya mana a lokacin da aka fi bukatarta. Me ake dubawa kafin a yanke hukunci?

Injiniyan Sanyi:

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a bayaninka shi ne ƙarin gas har sau uku. Gas ɗin ba ya ƙarewa kamar man fetur, domin zagayawa yake yi a cikin rufaffen bututu, saboda haka duk na'urar da take neman ƙari to tana yoyo ne a wani wuri, kuma wanda ya cika ta bai nemo inda take zuba ba, ya bar ciwon yana nan. Illar ba ta tsaya a nan ba, domin gas ɗin da ke dawowa da sanyinsa shi ne yake huce kwampireso, idan ya yi ƙaranci sai kwampireson ya riƙa aiki cikin zafi har ya lalace. Ina kyautata zaton yoyon ne ya gajiyar da naka.

Ka je wurin ɓangaren da ke waje, za ka ga wani allo a jikinsa mai ɗauke da nau'in gas ɗin. Idan ka ga R-22, shawarata ita ce kada ka sake zuba kuɗi mai yawa a kanta. Wannan gas yana cikin waɗanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta tsara a daina amfani da su saboda lahanin da suke yi wa sararin samaniya, har Amurka ta hana ƙera shi da shigo da shi tun 1 ga Janairun 2020, don haka samunsa sai ƙara wuya zai yi. Ba kuma a ɗura gas nau'in R-410A a madadinsa, domin matsinsa ya fi ƙarfi, man kwampireson da yake tafiya da shi ma daban ne.

Irin wannan na'ura takan yi shekara 10 zuwa 15, kuma mai aiki biyu ta fi saurin tsufa tun da ba ta samun hutu a shekara. Ma'aunin da nake bi shi ne, idan gyaran zai ci kusan rabin kuɗin sabuwa alhali na'urar ta wuce shekara goma, saye ya fi. Kwampireso kuwa shi ne mafi tsada a jikinta.

Maman Sadik:

Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa, amma ina roƙon Baban Ummi kada ya tsaya a kan maganar mutum ɗaya. Ni ma an taɓa ce mini tawa ta gama aiki, sai na kira wani daban, da ya buɗe ɓangaren waje sai ga ƙura da ganye sun toshe raga-ragan kamar an shimfiɗa bargo. Ya wanke su, ya canja kafasita da ta kumbura, na'urar ta ƙara shekara huɗu lafiya lau. Kafin ka amince cewa kwampireso ne, ka nemi a auna wutar da yake ja a kwatanta da abin da aka rubuta a allon, a kuma gwada bututun da iskar naitirojin don a gano wurin yoyon. Kai ma za ka iya wani gwaji da ma'aunin zafi: iskar da ke fitowa ya kamata ta fi wadda ke shiga sanyi da kimanin digiri 8 zuwa 11 a ma'aunin Salsiyas.

Dattijon Zaure:

Ina so in ƙara wa masu karatu waɗanda na'urar ɗumama gidansu ke ƙona gas, domin lissafinsu daban ne. Irin wannan takan kai shekara 15 zuwa 20, amma da zarar akwatin ƙarfen da wuta ke ci a cikinsa ya tsage, maganar jira ta ƙare, saboda iskar kabon monoksayid tana iya shiga ɗakuna, ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa. Harshen wuta da ya koma rawaya maimakon shuɗi, ko baƙin hayaƙi a jikin na'urar, ko ciwon kai da ke kama mutanen gida idan an kunna ta, duk dalilai ne na a kashe ta nan take a kira masani.

Kai kuma Malam, idan ka yanke shawarar saye, kada ka yarda a ce maka babba ta fi. Na'urar da ta fi ƙarfin gida tana saurin kashe kanta ta sake tashi, ba ta samun lokacin janye danshin iska, kuma yawan tashin yana cinye kwampireso. A auna girman ɗakuna da tagogi da yadda rana ke bugun ginin tukuna. A canja ɓangaren ciki da na waje tare, domin haɗa sabo da tsoho yana rage inganci. Mai inbata ta fi sauƙin shan wuta, tun da tana rage gudu maimakon ta riƙa tsayawa da tashi.

Baban Ummi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba allon da yammacin nan, R-22 ne, kuma na ga maiƙo a gindin bututun da ke shiga ɓangaren waje, wanda nake jin nan ne yoyon yake. Zan bi shawarar Hajiya Maman Sadik in kira mutum na biyu ya auna kwampireson, amma ko da ya ce yana da sauran ƙarfi, iyakar abin da zan yarda da shi shi ne a toshe yoyon ta riƙe mu zuwa lokacin da yanayi zai sassauta, sannan a kafa sabuwa ba cikin gaggawa ba, kafin zafi ya dawo ya sami Mama. Injiniya, tsakanin na'ura mai gas R-410A da mai gas R-32, wacce za ka zaɓa?