Shawarwarin da Aka Bayar Kan Tashar Lantarki Mai Amfani da Kwal

A wata tattaunawa da manoma da malaman makaranta suka yi a wani ƙauye kusa da Haɗeja, an amince cewa ƙarancin wutar lantarki ya dame mu, kuma akwai kwal a Inugu da Kogi da Maiganga ta jihar Gombe. Sai dai mahalarta sun ba da shawarar kada a yarda a kafa irin wannan tasha sai an haɗa ta da na'urorin tace hayaƙi tun daga tushe, domin ƙara su bayan an gama gini ya fi tsada.

An fi daɗewa a kan hayaƙin farar wuta, wanda yake cutar da huhu, yake kuma haddasa ruwan sama mai tsami da ke lalata amfanin gona. Maganinsa shi ne a wanke hayaƙin da ruwan farar ƙasa kafin ya fita, sannan a kama tokar da matatar da ke aiki da ƙarfin lantarki.

A ganina, maganar ruwa ta fi cancantar kulawa, domin tashar tana shan ruwa mai yawa wajen sanyaya injina, alhali noman ranin fadamunmu da kogin Haɗeja ya dogara.