Zaɓen ƙungiyar ɗalibai a makarantarku, kuna fita kuwa?

Mai tambaya:
Salam 'yan uwa. Jiya aka yi zaɓen SUG, wato ƙungiyar ɗalibai, a makarantarmu, ina cikin masu sa ido a rumfar fakaltinmu, tun safe muke zaune har la'asar amma waɗanda suka zo ko aji ɗaya ba za su cika ba, alhali kowa ya biya kuɗin ƙungiya wajen rajista yana so ko ba ya so. A wajenku ma haka ne ko mu ne kawai?

'Yar aji uku:
Ni dai ban fita ba gaskiya. A cikin gari nake, tunda aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin adaidaita ya fi ƙarfinmu, ranar kuma ba lakca, to in kashe kuɗin zuwa da dawowa don in zaɓi wanda ban taɓa gani ba sai a fosta ya sa baƙin gilashi an rubuta Kwamared a ƙasa? Manifesto kuma sai bayan isha'i suke yi, wace uwa ce za ta bar 'yarta a waje lokacin. Mu mata ma kujerar mataimakiya kawai ake ajiye mana.

Tsohon ɗan takara:
Malama kin yi gaskiya amma akwai abin da ya fi haka. Na nemi sakatare a zamaninmu, na sayi fom da kuɗina, makina ya wuce wanda suka gindaya, muka shiga tantancewa ofishin kula da ɗalibai, tambayar farko da aka min wai me ya sa na yi rubutu kan rashin ruwa a hostel ɗin maza. Da jerin sunaye ya fito babu nawa, kujerar ta koma mutum ɗaya ba hamayya. Wallahi yara ba wawaye ba ne, sun san an gama zaɓen tun a ofis. Kuma ko ka ci, ranar da ka ɗaga murya kan ƙarin kuɗin makaranta sai a rushe ku a naɗa kwamitin riƙo.

Ɗan injiniyarin:
Mu ta fotal ɗin makaranta a intanet ake yi da lambar rajista. An ce zai ƙara yawan masu zaɓe, ina! Fotal ɗin ya tsaya tun azahar, wani abokina ya samu shiga da ƙyar aka ce masa ai ya riga ya yi zaɓe. Abin mamaki zaɓen ƙungiyar ɗaliban jiharmu har turereniya ake, don su ke bin maganar sikolashif a ma'aikata, can kowa ya san me zai samu.

Daga Yamai:
Gaisuwa gare ku. Nan Nijar lamarin ya ɗan bambanta, USN, ƙungiyar ɗaliban Nijar, tana da nauyi har yanzu, duk shekara ana tuna ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990. In aka kira babban taro kan jinkirin kuɗin burs (tallafin karatu) ko maganar abinci fili cika yake. Amma ni ma ranar zaɓen shugabanni na fi ganin 'yan gaba-gaba da abokansu.

Baba malami mai ritaya:
'Ya'yana, a 1978 kan ƙarin kwabo 50 na abinci a rana muka fito zanga-zangar Ali Must Go, aka kashe ɗalibai a Legas da Zariya, gwamnatin soja ta haramta NUNS, ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. Lokacin makaranta ke ciyar da mu, duk muna ciki wuri ɗaya, magana ɗaya ta shafi kowa. Yanzu rabinku na gari, kowa da tukunyarsa.

Mai tambaya:
Allah ya ƙara girma Baba. Sakamako ya fito ɗazu, kujeru uku ba hamayya. Ɗan injiniyarin, abokin naka ya kai ƙorafi kuwa, me suka ce masa?